Shekarar da Na Hana 'Yan Sanda Tsugunawa

Ku 'ya'yana, kun taso kun tarar da magana biyu a kaina a cikin Filinge. Ta farko, wai ni ne ɗan sandan da ya koya wa yara rashin kunya. Ta biyu, wai na yi wasa da mutuwar ɗan yayata har ta daina taka ƙofar gidanmu. Kun ji su a bakin kasuwa, kun ji su a gidan suna, kuma babu wanda ya taɓa tambayata a cikinku, don kun san halina, in aka tambaye ni abu ɗaya da hantsi sai na kai mutum la'asar. To, yanzu na ajiye kaki, gwiwa ta hana ni yawo, lokaci kuwa har ya yi mini yawa. A duk shekarun da na yi ina aiki babu wadda nake tunawa jinina ya motsa kamar wannan, kuma babu wadda ta ci mini abin da ta ci.

Gwaggonku Hajo ba yayata kawai ba ce. Mahaifiyarmu ta rasu ina rarrafe, ita ta goye ni, ita ta dake ni, ita ta tsaya aka yi mini aure da innarku. Ɗanta Lawali, wanda manyanku za su iya tuna dariyarsa, ya shiga aikin ɗan sanda a bayana. Yaro ne mai ladabin da har yakan ba ni haushi. In ya hango babba daga nesa, tun kafin ya iso gwiwarsa ta fara lanƙwasa. Aka sa shi a shingen da ke bakin gari, kan hanyar Baleyara. Wata ranar jajibirin kasuwa, lokacin da manyan motoci ke fita da shanu da tumaki, wata babbar mota ta bi ta kansa da rana tsaka, a gaban abokan aikinsa. Muka yi masa sutura, muka ce kwana ya ƙare. Ni ma na faɗa, kuma har gobe na yarda da hakan. Direban ya yi ta rantsuwa cewa bai ga mutum ba, kowa ya ce ƙarya yake, ina za a ce ba a ga ƙato da kaki da rana tsaka ba. Aka rufe maganar, aka ci gaba da aiki.

A lokacin ina da muƙamin ajidan, wato babba a kan ƙananan 'yan sanda, kuma ni ke riƙe da sababbin yaran da ake turo mana, in ƙara musu horo kafin a raba su shingaye. Sai aka kawo mana sabon komiser, shugaban ofishinmu, wani Bazabarme gajere marar hayaniya, wanda in ya gaishe ka da fofo irin ta yarensu sai ka ɗauka barci yake ji. Bayan an yi sadakar arba'in ya kira ni ofis.

“Ajidan,” ya ce, “ina so duk wanda ya mutu cikinmu a bakin aiki, mu zauna mu bi abin daki-daki. Ina yake tsaye, ina mota take, wa ya ce me. Ba don a kama kowa ba. Don yaranka su san abin da ke kashe mu.”

“Komiser,” na ce, “nan ƙasar Kurhwai in mutum ya kwanta dama ba a tona yadda yat tahi. Sai a ce kana jayayya da ƙaddara.”

“Ni ban ce ka tambayi ƙaddara ba. Ka tambayi waɗanda ke wurin. Ka fara da ɗanka.”

Na fito ina huci, ina cewa a raina wannan mutum bai san inda aka kawo shi ba. Amma kun san ubanku da tambaya. Kafin in kai gindin dogon yaron da muke ɗaure babura, tambayoyi sun fara yi mini cincirindo a ka. Yaron da ya san hanya, wanda ba ya wasa a bakin aiki, me ya hana shi ganin mota mai girman ɗaki? Me ya hana shi jin ta? Sai na lura cewa ni, kawunsa, wanda ya sa shi cikin kabari da hannunsa, ban san ko a tsaye mutuwa ta same shi ko a zaune ba.

Na fara da Isuhu, abokin aikinsa da ke shingen a ranar. Tun rasuwar yaron nan ya rame, ba ya haɗa ido da ni. Na zaunar da shi a inuwa, na rantse masa babu abin da zai same shi. Ya ce motoci sun yi layi, Lawali ya tsayar da ƙaramar motar Alhaji Tanko mai hatsi, mai buɗaɗɗen baya, ya nufi wajen direba. Bayanta kuwa babbar motar shanu ce a tsaye, dab da ita. Shi Isuhu yana can baya ya gama duba takardun babbar motar, ya dubi gaba bai ga kowa a kan kwalta ba, sai ya ɗaga wa direba hannu ya ce ya kauce ya wuce. Na ce to Lawali fa, ina yake? Ya ce wallahi bai gan shi ba, ya ɗauka ya koma rumfa. Mutum na biyu ke nan da ya ce bai gan shi ba, kuma wannan ba shi da dalilin yi mini ƙarya.

Daga nan na wuce gidan Alhaji Tanko. Aminin mahaifin Lawali ne, shi ya raɗa masa suna, kuma shi ke tuƙa motarsa da kansa don bai yarda da hannun kowa ba. Tun ranar bai sake taɓa ta ba, tana ajiye a ƙofar gida kaji na kwana a ƙarƙashinta. Na gaishe shi, na daɗe ina kewaye-kewaye, sannan na tambaya.

“Ba wanda yat tambaye ni sai kai,” ya ce. “Ya zo wajen taga, da yag ga ni na, sai yat tsugunna. Nic ce mashi tashi, tashi, Lawali, awa yadda aka cewa. Shi ko yaƙ ƙi tashi, awa yadda aka ƙi. Shina tambayata mutanen gida ɗaya-ɗaya. Mun kai ga jikoki.”

Bai ƙarasa ba, ni ma ban nema ba. Na zauna muka yi kuka tare kamar yara. Amma ina fita daga zauren nan, ku yafe mini, wani abu ya kama ni wanda ba baƙin ciki ba ne. Zumuɗi ne, na wanda ya hango amsa. Na hau babur na nufi tasha, na sami wata babbar mota irin waccan, na roƙi direban ya ja ta bayan wata ƙaramar mota. Na hau na zauna a kujerarsa, abin da ban taɓa yi ba duk shekarun da na yi ina tsayar da su. Na sa wani ɗan kamasho ya tsaya a gefen tagar ƙaramar motar. Ina ganin kansa da kafaɗarsa sarai. Na ce masa tsuguna. Ya tsuguna, sai na neme shi na rasa. Hancin motar ya shanye shi gaba ɗaya. Na ce tashi, ya fito. Na ce tsuguna, ya ɓace. Na yi ta sa bawan Allahn nan tashi da tsugunawa har ya ce shi ba sojan kowa ba ne, mutanen tasha suna ta dariya suna cewa ajidan ya taɓu. Ni kuwa ina can sama ina dukan sitiyari, ina cewa direba bai yi ƙarya ba, Isuhu bai yi ƙarya ba.

Ban ko tsaya cin abinci ba na faɗa ofishin komiser, na tsuguna a gaban teburinsa na ce ya gaya mini ko yana ganina. Ya leƙo ta saman takardunsa ya ce in tashi in yi magana irin ta mutane. Da na gama bayani sai na ga barcin nan ya washe daga idonsa. Ya ba ni izini in bi sauran. Na yi ta yawo a kan babur, Bonkuku, Baleyara, ƙauyukan Kurfai, ina neman tsofaffin abokan aiki da suka ga mutuwar wani namu a hanya. Wasu suka kore ni, wasu suka ce Allah ya shirye ni. Amma waɗanda suka yarda suka buɗe baki, kamar dama jira suke. Ba duka ba ne iri ɗaya, akwai wanda birki ya ci, akwai wanda ya tsaya a tsakiyar hanya yana taƙama da usur. Sai dai labarin tsugunawar nan na ji shi ba sau ɗaya ba. Wani surukinsa ya gani a mota, wani malaminsa na allo. Duka yaran ƙasar nan ne, duka masu tarbiyya. Abin da iyayenmu suka dasa mana tun muna tsirara, shi ke miƙa mu ƙarƙashin taya, kuma babu makarantar da ta taɓa faɗin haka don babu wanda ya taɓa tambaya.

Ranar da na fara koya wa yara wannan darasi, da kun gan ni da kun ce sabon ango ne. Alhaji Tanko da kansa ya aiko da makullin motarsa ya ce a yi aiki da ita. Muka aro babbar mota, muka jera su a filin bayan ofis daidai yadda suke a ranar. Na ba su labarin Lawali tun daga farko, da sunansa, da sunan unguwarsu. Na sa kowane yaro ya hau kujerar direba, wani kuma ya tsuguna a ƙasa. Duk wanda ya hau sai in ga bakinsa ya buɗe, ya sauko jikinsa a sanyaye. Sannan na kafa musu doka: a kan kwalta ba ka da kawu, ba ka da suruki, ba ka da malami. Ka tsaya a miƙe inda kowa zai gan ka, ka sa mota ta sauka gefe, ka zagaya ɓangaren yashi, can ka tsuguna har gwiwarka ta yi ƙara in ka ga dama. Suka ce sun gane, abu mai sauƙi.

Ashe ba mai sauƙi ba ne, kuma nan ne daɗin ya zo. Na samo rawani da babbar riga da carbi, na shiga motar na zama tsoho. Yaro zai taho a miƙe, fuska a ɗaure, yana maimaita dokar a ransa. Da ya iso sai in leƙo in ce, a'a, ɗan wane, kai na nan? Kafin in rufe baki yana ƙasa. Sauran su fashe da dariya, shi kuma ya tashi yana duban gwiwoyinsa kamar wani ne ya ara masa su. Wanda ya fi kowa dariya, in layi ya zo kansa, shi ma ƙasa. Wani ɗan Bonkuku dogo ya ce mini:

“Ajidan, wallahi kaina ya ce tsaya. Ƙahwata ta ba ta jin Faransanci.”

Na ce to da Hausa za mu koya mata. Muka yi ta yi, safe da yamma, har ƙafafun suka fara ji. Ranar da dogon nan ya iso taga, na yi masa muryar tsoho mafi daɗi da na iya, ya tsaya ƙyam ya ɗaga hannu ya ce Baba yi haƙuri in zagayo, na fito daga motar da rawanina na rungume shi. Ina komawa gida kullum da murya a dushe, innarku tana cewa ita dai ba ta ga abin murna a cikin koya wa yara ƙin gaisuwa ba. Ina ce mata ba ƙin gaisuwa ba ne, matsar da ita na yi taku kaɗan.

A cikin wannan zumuɗi ne na yi tafiyata ban waiwaya ba, har labari ya isa kunnen Yaya Hajo ta bakin mata. Kuma kun san yadda labari ke isa. Aka ce mata na ɗauko motar da ɗanta ya mutu a gindinta, na sa wani yaro ya zama Lawali, ana kiran sunansa ana dariya. Ba ta aiko a kira ni ba. Ita ta zo, da rana, ta tsaya a tsakar gida ta ƙi karɓar tabarma. Innarku na da tsohon cikin Hadiza a lokacin.

“Ni na goye ka,” ta ce. “Ɗa guda Allah ya ba ni namiji, ya amshi abunai, na yi haƙuri. Kai ko ka tono shi kana wasan kwaikwayo da shi gaban ɗiyan mutane. Har kana cewa ladabinai yak kashe shi. Ni na koya mashi ladabin. Ni nik kashe shi ke nan?”

“Yaya, ba haka ba na.”

“Ka bari. In ni ta uwar da kas sani, ka bari yau.”

Na tsuguna a gabanta, a nan tsakar gida inda babu mota, na ce sunansa na cire shi daga yau, ba zan sake kiransa a fili ba, motar ma zan mayar wa mai ita. Amma darasin ba zan iya bari ba. Na ce mata yaran nan ana raba su shingaye wata mai kamawa, kowanne da uwarsa. Ta gyara mayafinta, ta fita. Ban taɓa jin tsoro a bakin aiki irin wanda na ji ba da na ga bayanta a ƙofar nan.

Na cika alkawari. Daga ranar, in zan ba da labarin sai in ce wani ɗan'uwanmu. Amma ita ba ta dawo ba. Aka haifi Hadiza, aka yi suna, gwaggon jaririya ba ta zo ba, kuma duk Filinge an gani. Na je gaishe ta da Salla, aka ce tana barci, ina jin tarinta a ɗaki. A gari kuma sai ga wata wutar. Yarana sun fita shingaye, dattawa suka fara kawo ƙara, wai ɗan sanda ya gaishe su a tsaye kamar sa'ansu. Wani ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce aikin gwamnati ya cinye mini tarbiyya. Alhaji Tanko ne ya riƙa bi yana yi musu bayani a majalisa, wasu suka ji, wasu har yau ba su ji ba. Da rana ina fili ina tsalle da rawani, komiser yana kawo baƙi daga wasu garuruwa su ga yadda muke yi, ni kuwa daɗi kamar in tashi sama. Da yamma in biyo ta ƙofar gidan da na girma in wuce ban shiga ba. Haka aka yi shuka, aka yi noma, aka yanke gero aka cika rumbuna, har Hadiza ta fara rarrafe.

Wata ranar Litinin bayan la'asar ina zaune ina wanke ƙafa, sai na ji sallamarta. Na miƙe buta ta kife. Ta shigo da ƙurar tafiya a zanenta, ashe daga Baleyara take, ta je duba wata jikar ƙanwar mijinta da ta haihu. Wannan karon ta karɓi tabarma. Innarku ta kawo ruwa ta ja ku ɗaki. Ta sha, ta ajiye kwanon, ta fara magana ba tare da ta dube ni ba.

Ta ce a hanya an tsayar da motarsu a wani shinge, tana zaune bayan direba, wajen taga. Wani dogon yaro ɗan sanda ya zo, ta ga ƙuruciyarsa da kakinsa, bakinta ya suɓuce ta ce masa sannu da aiki, ɗana. Ta ga gwiwarsa ta motsa, sai ya dake. Ya ɗaga hannu ya ce Inna yi haƙuri in zagayo. Ya sa direba ya sauka gefe, ya bi ta gaban mota ya koma ɓangaren yashi, ya tsuguna a bakin ƙofa yana miƙo mata gaisuwa ta kan fasinjoji, har da tambayar mutanen gida. Mota ta ɗauki dariya. Suna shirin tashi sai ga wata babbar mota ta shanu ta wuce ta gefen tagarta, kusa har ta ji warin dabbobin a fuskarta, daidai inda yaron ya fara tsayawa.

“Nit tambaye shi wa ya koya mashi haka,” ta ce. “Yac ce wani ɗan'uwansu na yar rasu garin gaisuwa, shi aka koya masu da shi. Nic ce mi sunanai. Yac ce ba a hwaɗa masu ba.”

Na sunkuyar da kai. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

“An ce kahin Lawali akwai waɗansu.”

“Akwai, Yaya.”

“Don mi ba ku yi tambayar ga ba tun ga ɗan wata uwa, kahin nawa?”

Ba ta jira amsata ba. Ta ɗaga murya ta ce wa innarku a kawo mata yarinyar nan ta gani. Aka kawo Hadiza, ta ɗora ta a cinya, ta duba kunnuwanta ta ce irin nawa ne, Allah ya sawwaƙe. Sannan ta juyo ta dube ni ido cikin ido, karo na farko tun ranar da ta fita.

“Gobe in ka tahi wurin yaranka, ka bar ce masu wani. Ɗana ba wani ba na. Lawali sunanai, ka hwaɗa masu da ƙarhi, kuma ka ce uwatai ta ce a hwaɗi.”